Filin Tambaya da Amsa: Yadda Mai Son Karatun Likitan Haƙori a Amurka Zai Tsara Darussansa na Jami'a

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun zo ne daga yaranmu da ke karatu a Amurka, masu burin zama likitocin haƙori, da kuma iyayen da ke ɗaukar nauyinsu. Mun taƙaita tambayoyin, mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Amurka. Tun yana sakandare burinsa ya zama likitan haƙori, amma da takardar ta zo sai na ga an rubuta bayoloji. Ya ce mini haka tsarin yake. Anya ba canza masa kwas aka yi ba, kamar yadda ake yi wa yara a nan gida idan makinsu bai kai ba? (Wani uba daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, gaskiya yaron ya faɗa maka. A Najeriya yaro yana gama sakandare yake zaɓar likitancin haƙori a fom ɗin JAMB, ya rubuta Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji, in ya dace ya shiga Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri ko ta Ibadan, ya yi shekara shida ya fito da digirin BDS. A Amurka sai mutum ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, sannan ya nemi shiga makarantar likitancin haƙori, ya ƙara wasu shekara huɗun, ya fito da DDS ko DMD, waɗanda sunansu ne kawai ya bambanta. Shekara takwas ke nan. Akwai 'yan jami'o'i da ke haɗa matakan biyu cikin shekara bakwai, amma tun daga sakandare ake neman irin wannan gurbi, kuma ba su da yawa.

Makarantun haƙori ba su ɗaura wa kowa wani fanni a digirin farko ba. Wanda ya karanta tarihi ko tattalin arziki zai iya nema, muddin ya ɗauki darussan kimiyyar da suka shardanta. Bayoloji dai ya fi sauƙi ne domin yawancin darussan sharaɗin suna cikinsa.

Abu biyu muke so ka sani tun yanzu. Gurbin da ya samu bai ba shi tabbacin shiga mataki na biyu ba. Da makin da zai fara tarawa daga zangonsa na farko za a auna shi. Sannan batun kuɗi: ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da girin kad, ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, makarantun gwamnatocin jihohi sun fi ɗaukar mazauna jiharsu, a makarantu masu zaman kansu da yawa kuwa kuɗin shekara huɗun yakan haura dala 300,000. Gara ku zauna da shi ku yi wannan lissafin a bana, ba sai ya kai aji huɗu ba.

Tambaya: Ina shekarar farko. Mai ba mu shawara a jami'a ta ce in fara da darussa masu sauƙi har in saba, in bar kemistiri sai shekara mai zuwa. Wata yayata kuma ta ce kada in kuskura. Waɗanne darussa ake bukata, kuma wanne ke gaba da wanne? (Ɗaliba daga Bronx, Niyok)

Amsa: 'Yata, yayarki ta fi kusa da gaskiya, amma bari mu nuna miki dalili domin ki iya yanke hukunci da kanki.

Kada ki fara lissafi daga yau. Ki fara daga watan da za ki tura takardar neman gurbi, ki dawo baya. Wanda yake so ya shiga makarantar haƙori a watan Agustan shekarar da ya gama digiri, a watan Yunin shekarar da ta gabace ta yake tura takarda, wato a ƙarshen aji uku. Ashe ba zango takwas ne a hannunki ba, shida ne. Kuma kafin wannan Yunin, ko daf da shi, dole ki rubuta DAT, jarrabawar neman shiga makarantar haƙori, wadda sashenta na kimiyya ya ƙunshi bayoloji, kemistiri na gama-gari da kemistirin oganik.

Darussan da kusan kowace makaranta ke nema su ne: bayoloji zango biyu da lab (wato aikin ɗakin gwaje-gwaje), kemistiri na gama-gari zango biyu da lab, oganik zango biyu da lab, fiziks zango biyu da lab (kowanne kimanin kiredit 8; kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi), sai Turanci zango biyu. Da yawa sun ƙara bayokemistiri zango ɗaya. Wasu suna neman maikurobayoloji, anatomi, fiziyoloji, lissafi ko kididdiga. Mafi ƙarancin makin da ake karɓa a darasin sharaɗi shi ne C, kuma makarantu da dama ba sa karɓar C mai alamar ragi.

A cikin waɗannan duka, kemistiri ne ke mulkin jadawali, domin kamar matakalar bene yake, ba a taka ta uku sai an taka ta biyu. Gama-gari na ɗaya, na biyu, oganik na ɗaya, na biyu, sannan bayokemistiri: zango biyar a jere. In kika fara a zangonki na farko, za ki gama oganik a ƙarshen aji biyu, ki samu sararin shirya wa DAT a tsanake. In kika jinkirta shekara guda kamar yadda aka ba ki shawara, oganik na biyu zai ƙare a watan Mayun aji uku, makonni kaɗan kafin a fara karɓar takardu, sai ki tarar jarrabawar ƙarshen zango da DAT da cika fom duk sun haɗe miki a wata ɗaya. Akwai kuma wani tarko: ƙananan jami'o'i da yawa a zangon Agusta kaɗai suke koyar da kashi na ɗaya, kashi na biyu kuma a zangon Janairu. A irin wannan wuri, jinkirin zango ɗaya shekara guda yake zama.

Ga tsarin da muka fi yarda da shi. Aji ɗaya, zangon Agusta: kemistiri na ɗaya da lab (kiredit 4), bayoloji na ɗaya da lab (4), Turanci (3), lissafi (3 ko 4). Jimla 14 ko 15. Zangon Janairu sai kashi na biyu na kowanne. Aji biyu: oganik da lab ɗinsa, da darasin bayoloji ɗaya na gaba, kamar ilimin ƙwayar halitta ko ilimin gado, sauran ki cike da darussan da jami'a ta wajabta wa kowa, irin su tarihi da halayyar ɗan'adam. Fiziks ki kai shi aji uku, domin babu shi a DAT, babu dalilin da zai sa ki haɗa shi da oganik. A aji ukun ne kuma za ki yi bayokemistiri da fiziyoloji. Anatomi, maikurobayoloji da ilimin tsarin naman jiki a ƙarƙashin madubin likita, in sharaɗin makarantun da kika zaɓa bai tilasta ki da wuri ba, aji huɗu ya ishe su, kuma za ki gode wa Allah da kika yi su idan kika shiga shekarar farko ta makarantar haƙori. Yawancin makarantu suna yarda a nemi gurbi alhali saura darasi ɗaya ko biyu, muddin za a gama kafin a fara karatu a wurinsu.

Hali ɗaya ne za mu goyi bayan mai ba ki shawara: idan lissafinki yana da rauni. Jami'o'i da yawa ba sa barin a yi rajistar kemistiri sai an ci gwajin lissafin da suke yi wa sababbin ɗalibai, kuma da dalili, domin rabin kemistiri na gama-gari aljabara ne, sauya ma'auni da lissafin mol da logaridim. In nan ne matsalar, ki gyara lissafin a zangon farko, ki fara kemistiri a Janairu, ki cike giɓin da kashi na biyu a dogon hutu.

Tun yanzu ki zaɓi makarantu goma da kike sha'awa, ki shiga shafin kowacce a intanet, ki rubuta sharuɗɗanta a teburi ɗaya. ADEA, ƙungiyar makarantun haƙori ta Amurka, ita ma tana fitar da jagorar da ta tattara su. Ki riƙa sake dubawa kowace shekara, domin suna canzawa.

Tambaya: Jami'armu kuɗi ɗaya take karɓa daga kiredit 12 zuwa 18. Ina so in riƙa ɗaukar 18 in gama da wuri, in rage wa mahaifina nauyi. Zango mai zuwa na shirya oganik, fiziks da maikurobayoloji, duk da lab, ga aikin awa 20 a mako da nake yi a ɗakin cin abinci na makaranta. Zai yiwu? (Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 daga jihar Ohayo)

Amsa: Allah ya yi maka albarka da tausayin mahaifi, ɗana. Amma wannan jadawalin ba mu yarda da shi ba, kuma ga alƙalami ga takarda.

Mako awa 168 ne. Kiredit 18 masu lab uku na nufin kimanin awa 15 a aji, da awa 9 a lab, domin lab kiredit ɗaya ake rubuta masa amma awa uku yake ci, wani ma huɗu. Ƙa'idar da jami'o'in da kansu suke bayarwa ita ce awa biyu na karatu a gida ga kowane kiredit, awa 36 ke nan. Ƙara aikinka na awa 20, ka kai 80. Barcin awa bakwai kullum 49 ne. Abin da ya rage awa 39, ƙasa da awa shida a rana, a ciki za ka yi salla, girki, wanki, jiran bas da kiran gida. Ba mu sa zaman kallon aiki a asibitin haƙori ba, ba mu sa ranar da mura za ta kwantar da kai ba.

Makonni huɗu na farko za ka ga kamar komai lafiya. Inda abin ke ɓaci shi ne mako na biyar zuwa na shida, lokacin da gwaje-gwajen farko na darussan uku ke faɗowa kusan tare, ga rahoton lab uku da ake miƙawa duk mako ba fashi. Sai ɗalibi ya bar darasi biyu ya rungumi wanda gwajinsa ya fi kusa, kafin ya waiwayo an wuce shi da babi biyu a oganik, shi kuwa oganik ba a kamo shi a dare ɗaya.

Kwamitin ɗaukar ɗalibai ba ya ba da lada don an gama digiri a shekara uku. Maki yake dubawa, kuma waɗanda ake ɗauka galibi matsakaicin makinsu, wato GPA, yana wajen 3.5 cikin 4 zuwa sama. B uku da C ɗaya a zango mai kiredit 18 sun fi yi maka illa a kan ƙarin zango guda. In makin ya lalace har sai ka yi wani kwas na gyara bayan digiri, kuɗin da ka so rage wa Baba ninkinsa zai biya.

Ba kuma muna cewa ka koma 12 ba ne. Kiredit 12 sau takwas 96 ne, bai kai 120 da digiri ke bukata ba, kuma kwamiti yana so ya ga ka taɓa ɗaukar kaya mai nauyi ka sauke lafiya, tunda karatun da ke gabanka ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Tsaya a 14 zuwa 16, kada darasin kimiyya mai lab ya wuce biyu a zango har ka gama oganik. A zango mai zuwa ka riƙe oganik da maikurobayoloji, ka cire fiziks.

Fara da 15 yana da wani amfani gare ka musamman. Mai bizar F-1 ba ya sauka ƙasa da kiredit 12 sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Wanda ya fara da 15 zai iya sauke darasi mai kiredit 3 in ta kama, wanda ya fara da 12 kuwa ba shi da wurin motsi. Ka kuma tuna cewa darasin intanet guda ɗaya kawai, mai kiredit 3, ake ƙirga maka a cikin 12 ɗin.

Tambaya: Na samu 52 cikin 100 a gwajin farko na oganik. Saura mako biyu a rufe damar janyewa daga darasi. In janye a rubuta mini W, ko in daure? Wani ya ce ko na faɗi ba komai, in na maimaita sabon makin zai goge tsohon. (Ɗalibar aji biyu daga jihar Merilan)

Amsa: Mu fara da maganar gogewa, domin ta jefa ɗalibai da yawa cikin nadama. Wataƙila jami'arki tana maye tsohon maki da sabo a nata lissafin. Amma AADSAS, wato tashar da ake tura takardun neman makarantun haƙori ta cikinta, da kanta take sake lissafin GPA, kuma duk zaman da kika yi wa darasi tana ƙirgawa. D da A a darasi ɗaya, a wurinsu matsakaicinsu 2.5 ne. Suna kuma ware makin bayoloji, kemistiri da fiziks su fitar da GPA ɗinsu daban, don haka A ɗin da kika samu a tarihi ba zai rufa wa oganik asiri ba. W kuwa ba ya shiga lissafin GPA, ana dai ganinsa a takarda.

Kafin ki yanke shawara, ki ɗauko takardar tsarin darasin da malami ya raba a makon farko, ki ga yadda ya kasa maki. A ce gwaji biyu ne, kowanne kashi 25, jarrabawar ƙarshe kashi 35, aikin gida kashi 15. Makinki na 52 ya ba ki 13 cikin 25. In kika samu 80 a gwaji na biyu da 80 a ta ƙarshe, da 14 a aikin gida, jimlarki 75. Sai ki je ofishin malamin a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai, ki tambaye shi abu biyu: nawa ne matsakaicin makin ajin a wannan gwaji, kuma 75 wane harafi take bayarwa a wurinsa? In matsakaicin ajin 55 ne, ke a tsakiya kike, ba a ƙasa ba. In lissafi ya nuna za ki iya kai wa B ko C mai ƙarfi, ki daure. In ya nuna D ne ko C mai ragi, ki janye. W ɗaya ko biyu a shekara huɗu ana iya bayaninsu. In suka zama al'ada, musamman a darussan kimiyya, sai an tambaye ki a intabiyu. Kada ki sa hannu a takardar janyewa sai kin ji daga ofishin tallafin karatu, da ofishin biza in ya shafe ki.

Sannan ki duba dalilin 52 ɗin. Yawancin yaranmu sun taso da ƙarfin hadda, kuma hadda takan fitar da mutum a bayoloji. A oganik ba ta kai mutum ko'ina. Abin da ake so shi ne ki gane daga ina elektron ke tashi, ina za shi, kuma me ya sa. Ki rufe littafi, ki ɗauki fensir da farar takarda, ki zana ƙwayar, ki ja lanƙwasasshiyar kibiya daga wurin da elektron suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci, mataki bayan mataki, har ki kai ga abin da ya fito. In kin kuskure, ki nemo kibiyar da ta karkace, kada ki tsaya a duba amsa kawai. Tambaya goma zuwa sha biyar kullum ta fi awa goma a daren Lahadi. Ki sayi akwatin 'yan ƙwallaye da sandunan roba da ake harhaɗa siffar ƙwayoyi da su. Babin da ke bayanin ƙwayoyi masu kama da hannun dama da na hagu sai an juya abin a tafin hannu yake zama.

Ga dalilin da ya sa muke matsa wa 'yan aji ɗaya da biyu. Wanda ya gama kiredit 60 da GPA 3.0, in yana so ya fita da 3.5, sai ya samu A a duk kiredit 60 da suka rage, ba ko ɗaya da zai kuɓuce. Kwamitoci suna lura da wanda makinsa ke hawa shekara bayan shekara, wannan gaskiya ne, amma kare makin tun farko ya fi arha.

Tambaya: Yaushe ya fi dacewa in rubuta DAT, kuma me ke cikinta? (Ɗalibin aji biyu daga Hostan, Tekzas)

Amsa: Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ADA, ita ke shirya ta, ana rubuta ta a kwamfuta a cibiyoyin Prometric kusan duk tsawon shekara. Sai ka fara samun lambar DENTPIN, ka biya kuɗin da ya haura dala 500, sannan ka zaɓi rana. Tambayoyi 280 ne, zaman yakan ɗan haura awa biyar. Kimiyya ce farko, tambaya 100 a minti 90: bayoloji 40, kemistiri na gama-gari 30, oganik 30. Sai sashen PAT, na gwada gane siffofi da ido, tambaya 90 a minti 60. Bayan hutu sai karatu da fahimta, tambaya 50 a minti 60 kan dogayen rubuce-rubuce uku, a rufe da lissafi, tambaya 40 a minti 45. Tun daga watan Maris na 2025 ma'aunin makin ya koma tsakanin 200 da 600. In ka ji na gaba da kai suna maganar 20 ko 21, tsohon ma'aunin 1 zuwa 30 suke nufi.

Lokacin da muka fi so shi ne dogon hutun da ke bin oganik na biyu, wato ƙarshen aji biyu, yayin da kemistirin yake ɗanye a kanka kuma babu wani darasi da ke jan ka. Mako goma zuwa sha biyu, awa uku zuwa huɗu a rana, ka rubuta a watan Agusta. Yawancin makarantu suna karɓar makin da bai wuce shekara uku ba, don haka zai kai ka. In kana ganin bayolojinka bai nuna ba tukuna, ka bari sai aji uku, amma ka sauƙaƙa zangon Janairun zuwa kiredit 12 ko 13, ka ɗauki shirin DAT a matsayin darasi mai zaman kansa, ka rubuta a Afrilu ko Mayu.

PAT ne sashen da babu ajin da ke koyar da shi. A ciki za a nuna maka takarda an ninke ta sau biyu ko uku an huda, a ce ka faɗi inda ramukan za su bayyana in an warware ta. Za a jera maka kusurwa huɗu masu bambancin da ido da ƙyar yake kamawa, a ce ka tsara su daga ƙarama zuwa babba. Akwai ƙirga fuskokin tubalan da aka tara, da gano ƙofar da wani abu zai iya ratsawa, da hasashen siffar abu daga sama ko gefe, da naɗe shimfiɗaɗɗen zane ya zama abu mai jiki. Sakan 40 ne kacal ga kowace tambaya. Wannan ido ne ake horarwa, minti 20 kullum na tsawon watanni, don haka ka fara shi tun kafin sauran.

Kada ka shiga don gwada sa'a. In ba ta yi kyau ba sai ka jira kwana 60 kafin ka sake, bayan zama uku sai da izini na musamman, kuma makarantu suna ganin yawan zaman da ka yi. Ka yi cikakken gwaji na awa biyar aƙalla sau uku, da agogo, a lokacin da za ka rubuta ta gaske.

Tunda a Tekzas kake, in kai mazaunin jihar ne, makarantun haƙorin gwamnatinta ta tashar TMDSAS ake tura musu takarda, a watan Mayu take buɗewa.

Tambaya: Zan iya yin oganik ko fiziks a kwalejin al'umma ta shekara biyu lokacin hutu? Ta fi arha sosai. (Ɗalibi daga Filadelfiya)

Amsa: Wanda da kwalejin ya fara karatu saboda halin aljihu, babu laifi; ya dai ɗauki manyan darussan kimiyya bayan ya koma jami'a, ya ci su da kyau. Amma wanda yake jami'a ya tsallaka kwaleji don oganik kaɗai, kwamiti yakan fassara shi da gudun wahala, kuma wasu makarantu sun ƙayyade yawan kiredit ɗin kwaleji da suke karɓa. Turanci ko kididdiga ka yi a can. Zangon hutu yakan matse karatun mako 15 cikin mako biyar ko shida, don haka darasin kimiyya ɗaya ya isa, ba tare da cikakken aiki ba. Lab na intanet kuwa ka tambayi makarantun da kake so a rubuce kafin ka biya.

Tambaya: Lab ɗin kemistiri ya faɗo mini ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Ga azumi kuma yana zuwa a tsakiyar zango. Yaya zan yi? (Ɗalibi daga Minnesota)

Amsa: Lab yawanci rukuni-rukuni ne a ranaku daban-daban. A makon farko ko na biyu na zango ana iya sauya rukuni ba tare da ya bar alama a takarda ba; ka je wurin mai kula da lab ɗin ka faɗa masa dalilinka kai tsaye. Kada ka zaɓi yin fashi, domin lab ba kasafai ake rama shi ba, a wurare da dama rashin zuwa sau biyu ko uku faɗuwa ne. Nan gaba ka shirya jadawali biyu kafin ranar rajista, ka shiga da zarar an buɗe maka, tunda manyan aji ake fara buɗe wa kuma rukunai masu kyau da wuri suke cika.

A 'yan shekarun nan azumi a zangon Janairu yake faɗowa, yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Ka sa darussa masu nauyi da safe, ka yi karatu mai wuya bayan sahur, kuma tun makon farko ka rubuta wa malamai ranakun da ake sa ran Salla, domin in gwaji ya faɗo a ranar a shirya maka wani lokaci.

Tambaya: Ina aji uku, makina yana da kyau, amma ban taɓa zama a asibitin haƙori ba, kuma babu malamin da ya san ni. An ce sai Fabrairu ake rufe karɓar takardu, ashe ina da lokaci? (Ɗaliba daga Atlanta)

Amsa: Ƙanwata, ranar rufewa ba ita ce ranar da za ki duba ba. AADSAS tana buɗewa a watan Mayu, a fara turawa a farkon Yuni, makarantu kuma suna duba takardu ne yadda suka iso, suna kiran intabiyu tun daga ƙarshen hutu, su fara sanar da waɗanda suka ɗauka a tsakiyar Disamba. Wanda ya tura a Oktoba kan ragowar kujeru yake takara. Tantance takardun maki kaɗai kan ɗauki mako huɗu zuwa shida idan cunkoso ya yi yawa, kuma sai kin turo takardar maki daga kowace kwaleji da kika taɓa yin ko darasi ɗaya a cikinta. Ki sa wa ranki Yuni, in an makara Yuli.

Zaman kallon aikin likita kuwa, makarantu da yawa suna so a kai awa 100, mafi yawansu a wurin likitan haƙori na gama-gari. Awa huɗu a mako na wata shida sun kai ki. Ki fara da likitan da ke duba ki, ko asibitocin al'umma masu rahusa. Ki riƙe ɗan littafi, kullum ki rubuta kwanan wata da awanni da abin da kika gani, ba tare da sunan majiyyaci ba: yadda aka yi allurar kashe zafi, yadda aka kwashe ruɓa aka cike ramin, abin da likita ya faɗa wa yaron da ya ƙi buɗe baki. Daga nan za ki samu abin rubutawa a bayanin kanki, wanda bai wuce haruffa 4,500 ba. In kina ɗinki, saƙa ko zanen lalle, ki rubuta a fom ɗin, domin ana tambayar abin da ke nuna ƙwarewar hannu, kuma waɗannan shaida ce ta gaske.

Wasiƙun shaida har huɗu ake karɓa, galibi biyu daga malaman kimiyya, ɗaya daga likitan haƙori. Ki zaɓi malamai biyu a wannan zangon, ki riƙa zuwa ofishinsu da tambayoyin darasi, ki nemi wasiƙar a Maris ko Afrilu. In Yuni ya zo abubuwan nan ba su haɗu ba, ki bari sai baɗi ki nema da ƙarfinki. Shekarar jira bayan digiri ba aibi ba ce a wurinsu, musamman in kin yi ta kina aiki a matsayin mataimakiyar likitan haƙori.

Tambaya: Ina aji biyu a fannin bayokemistiri a wata jami'a a Arewa, iyalina kuma suna shirin komawa Amurka. Darussan da na yi a nan za su shiga lissafi? Ko in nemi BDS a gida in gama sannan in tafi? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Jami'ar da za ka koma za ta iya karɓar wasu kiredit ɗinka don digiri, bayan hukumar tantance takardu irin WES ko ECE ta auna su. Amma makarantun haƙori da yawa suna so a yi darussan sharaɗi a jami'ar Amurka ko Kanada. Saboda haka ka sa a ranka cewa wataƙila ka maimaita kemistiri da bayoloji, ko ka ɗauki na gaba da su a can. Kafin ka tafi, ka karɓi takardar makinka ta hukuma da cikakken bayanin abin da aka koyar a kowane darasi, da tambarin sashe, domin neman su daga nesa wahala ne.

Hanya ta biyu ma tana nan, amma ba gajeriya ba ce. Mai BDS na Najeriya, a yawancin jihohin Amurka, ba ya samun lasisi sai ya ci jarrabawar ƙasa ta likitocin haƙori, INBDE, ya yi jarrabawar Turanci ta TOEFL, ya nemi shirin likitocin da suka yi karatu a waje ta tashar CAAPID, ya ƙara shekara biyu zuwa uku a makarantar haƙori, kuma kujerun kaɗan ne, masu nema daga ko'ina a duniya suke. In niyyarka ka yi aiki a gida, inda Arewa ke matuƙar bukatar likitocin haƙori, BDS ya fi kusa kuma ya fi arha ƙwarai. In kuwa zaman Amurka ya tabbata kuma da girin kad za ku shiga, ka tafi yanzu, ka nemi ofishin masu ba ɗaliban fannin lafiya shawara a makon da ka isa, ka kai musu takardunka su gaya maka daga wane kemistiri za ka ɗora.